Mutardin Baba Isuhu

Ku da kuka san Baba Isuhu kun san ba ya shiga gidan mutum hannu rabbana. Ba tsaraba nake nufi ba, wannan kam sai dai a tambayi wanda ya taɓa gani. Kwalbarsa nake nufi, wadda ke aljihun kwat ɗin nan mai ruwan toka, da ɗan cokalin shayi a naɗe cikin hankici. Mastad ne irin na Faransa, mai hawa hanci ya fito wa mutum da hawaye, wanda su mutanen Nijar ke kira mutardi. Ko me aka ajiye a gabansa, sai ya yi bismilla, ya zaro kwalbar, ya ɗiba ya ajiye a gefen faranti, sannan ya dubi abincin kamar yanzu ne ya zama halal.

Ni Bakanuwa ce, shi Badamagare, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu tun kakanni. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ban taɓa gaishe shi ban haɗa da tsiya ba, shi ma bai taɓa kirana da sunana ba sai Bakanuwa. Ranar da na fara ganinsa, a gidan Dakta Kabiru ne a Annandale, an yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Ina kallo bawan Allahn nan ya zuba mutardi cikin miyar kuka ya juya. Na ce Baba, wannan ai cin amanar kuka ne.

"Bon, Bakanuwa," in ji shi da ɗan Faransancinsa, "kukar da ta hau jirgi ta zo Amurka, ita ma ai tana buƙatar taimako."

Ɗakinsa na Lanham kuwa babu kofi ko ɗaya na saye. Kwalaben mutardin da suka ƙare su ne kofunan shayi, su ne na ruwa. Kafin kwalba ta zama kofi sai ya matsa lemon tsami a ciki, ya zuba mai da gishiri, ya girgiza ya juye a kan latas, don kada abin da ya maƙale a jikinta ya tafi a banza. Shi kaɗai yake zaune a ɗakin. Iyalinsa na Damagaram, takardunsu sun ƙi fitowa har ya gaji da zancen. Tasi yake ja tun gashinsa na baƙi, yana kai mutane filin jirgi su tafi wajen nasu, shi ya juyo.

Abin da ya riƙe shi a garin nan shi ne gashin nama. Duk suna, duk walima, musamman Babbar Sallah in an dawo da naman layya daga gonar da ake yanka, a bayan gidan Dakta ake haɗuwa, wuta kuma ta Baba Isuhu ce. Tun jajibiri yake kwaɓa mutardi da albasa da tafarnuwa da lemon tsami, nama na zuwa ya jiƙa shi a ciki, ya ce mutardin ne ke tausasa tsoka, shi ne kuma ke riƙe yaji kada ya zube cikin garwashi. A ranar nan likitoci da injiniyoyi shi ke aikensu, su kuma suna gudu. Tsokar farko da ta sauka daga wuta ni yake kawo wa a bakin wuƙa. In tauna in yatsine fuska in ce takalmi ne, shi kuma ya juya ga jama'a ya ce tunda Bakanuwa ta kushe, nama ya yi, a ci. Gaskiyar magana kuwa ban taɓa cin nama irin nasa ba, ko a gida.

Wata shekara wani sabon zuwa ya yi karambanin kawo mastad ɗin nan na Amurka, rawaya, na cikin roba, wanda ake matsawa a kan burodi. Baba ya karɓa ya juya shi, ya ɗan lasa, ya miƙa wa mai shi cikin ladabi. Ya ce ya adana shi da kyau, in rawayar motar nan ta kai yara makaranta ta koɗe sai a shafa mata.

Kun kuma ji labarin filin jirgi. Zai tafi gida ganin iyali, masu binciken kaya suka ce kwalbar ba za ta shiga jirgi ba, sai dai ya jefa a shara. Sabuwa ce, ranar ya buɗe ta. Baba ya koma gefe, ya warware cokalinsa, ya tsaya yana shanye ta a gabansu, hawaye na zuba, hanci na zuba. Wata Baturiya ta zo tana lallashinsa, wai ta san rabuwa da wuya. Ya ce mini bai iya ba ta amsa ba, kai kawai ya gyaɗa, don a lokacin ko sunansa ba zai iya faɗa ba.

Babbar rigimarmu a kan catni ce. Wata 'yar Indiya da muke aikin jinya tare ta koya mini: tsamiya da dabino da citta da barkono, a dafa su har su yi kauri, a dangwala da nama ko a ci da shinkafa. Na yi kwano guda na kawo wajen Sallah ina taƙama. Baba ya leƙa, ya shinshina, ya ce tsamiya ta kunu ce, duk wanda ya haɗa zaƙi da naman layya shi da Allah. Ya ɗauki kwanon ya kai teburin yara, kusa da kek. Tun daga nan duk shekara sai na kawo, duk shekara sai ya kai wa yara, yana cewa ga kunun Bakanuwa.

Sai ciwon dajin nan ya zo masa a maƙogwaro. Aka yi ta gasa masa wuyan da na'ura a asibiti, har yana cewa bayan duk ragunan da ya gasa, yau layi ya zo kansa. Mun yi dariya, amma ni da nake aikin na san abin da maganin ke yi wa harshe. Ɗanɗano ya tafi, bai kuma gaya wa kowa ba. A wani suna da aka yi bayan ya ɗan ji sauƙi muka gane. Ya yi ta ƙara mutardi yana lasa, bai ji ba, ya ƙara. Naman ya fito da ɗaci da gishiri, ba ya ciyuwa. Yara suka tofar, manya suka riƙa naɗewa a takarda suna turawa ƙarƙashin faranti. Shi kuwa yana tsaye a bakin wuta yana murmushi.

Da Sallah ta matso, Dakta ya kira ni. Ya ce layyar gidaje da yawa ce za a damƙa masa, ba kuma wanda zai iya duban idon dattijon ya ce ya sauka. Ni ce abokiyar wasansa, ni kaɗai ke da bakin faɗa masa komai. Na ji nauyin abin ƙwarai, don na san in aka karɓe wutar nan ba abin da ya rage masa a ƙasar nan sai sitiyari, shi ma ɗin ya fara gagararsa.

Na tashi daga gidana a Woodbridge na sha cunkoson hanya har Lanham, da shinkafa mai laushi da catni marar barkono, don a lokacin mutardi ƙona masa maƙogwaro yake yi. Ya cinye tas, yana cewa har yanzu kunu ne. Na gyara zama, na ce masa naman da ya gasa a wajen suna bai yi ba, mutardi ya yi yawa, mutane ba su ci ba. Ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yaushe kika taɓa cewa ya yi?"

Na rantse masa da gaske nake. Ya ce rantsuwar Bakano ai a kasuwa ya saba jinta. Na dawo gida ban cim ma komai ba. Shekara da shekaru ina yi masa ƙarya cikin wasa, ranar da na zo da gaskiya babu inda zan ajiye ta.

Ranar Sallah ya riga kowa zuwa. Kwat ɗin ya yi masa yawa, fatar wuyansa ta yi baƙi ta tattare. Ba wanda ya iya hana shi. Ya hura wuta, ya jera nama, da tsokar farko ta yi ya tsire ta a bakin wuƙa ya nufo ni. Na sa a baki. Ɗaci ne zalla, har cikin ƙwaƙwalwata. Na buɗe baki in ce takalmi ne kamar kullum, sai na ga yana jirana da fara'ar nan tasa. Tausayi ya kama ni, tsiyar ta ƙi fitowa.

Na ce, "Baba, ya yi daɗi. Allah ya saka da alheri."

Fara'ar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallona.

"Zage ni mana, Bakanuwa."

Na kasa. Ya dubi naman da ke kan wuta, ya dubi mutanen da kowa ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ashe har ya kai haka."

Ya ajiye wuƙar a kan tebur, ya ce wa Dakta a wanke sauran naman da ruwa a sa yaji kawai. Ya jawo kujera can nesa da hayaƙi ya zauna. Da aka kawo masa faranti ya karɓa ya yi godiya, bai sa hannu a aljihu ba. Bai sake tsayawa a bakin wuta ba har Allah ya karɓi abinsa a farkon sanyin shekarar. A nan Maryland muka binne shi, matarsa tana ta waya daga Damagaram, tana tambaya ko an samu jama'a. An samu, alhamdulillahi, har wurin ajiye mota ya yi kaɗan.

Allah ka jiƙan Isuhu, baƙo ne da ya ciyar da baƙi. Ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa, ka dubi iyalin da ya rasu yana kewarsu. Ka mayar masa da harshensa a Aljanna. In da rabo ka haɗa mu a can, ya miƙo mini tsokar farko in ce masa ba ta yi ba.