Masu Gaida Kaka

Ran nan na bi ta wani lungu, na ga an shanya kuɓewa a cikin tsohon farantin satalayit, sai na tsaya cak kamar an kira sunana. Irinsa Baba ya kafa a kan katangar gidanmu a Haɗeja, shekarar da shinkafarsa ta fadama ta yi albarka.

A ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, ya ajiye talabijin ɗin, alhali yanar ido ta riga ta rufe mata gani. Kada ka yi dariya, abin da hikimarsa. Matan unguwarmu ba sa fita sai da izinin miji, kuma babu mijin da zai ce wa matarsa ta je kallo gidan wani. Amma wa zai hana a je gaida tsohuwa? Sai ga Kaka, wadda a da takan wuni ba ta ji sallamar baƙo ba, ta zama mai jama'a. La'asar na yi takalma za su cika ƙofar ɗakinta. Kowacce ta durƙusa ta ce, "Iya, ya ƙarfin jiki?" idonta na kan akwatin. Kaka ta gane ta da murya, ta tambayi maigida da yara da mai jego, ta sa ni in zagaya da dafaffiyar gyaɗa. Har turare ta koma shafawa, tana ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki.

Sai aka yi daminar da kogi ya ƙi tsayawa inda ya saba. Ruwa ya kwanta a kan shinkafar Baba har ta ruɓe, ko iri bai tsira da shi ba. Gidan da ake auna tuwo kuwa ba a zancen katin kallo. Wata ya ƙare, hoto ya ɗauke, Umma ta lulluɓe akwatin da tsohon zane.

Mu yara muka yi kukanmu muka gaji, muka koma carafke a tsakar gida. Umma ta koma wa rediyonta. Kaka ce ta kasa sabawa. Kullum la'asar sai ta ce in share ɗaki in shimfiɗa tabarmi. Da farko wasu sun leƙo don kunya, suka gaisa a tsaitsaye. Daga nan shiru. Takan karkata kunne wajen zaure, ko akuya ce ta ture ƙyaure sai ta gyara zama. Haushin matan nan ya cika ni, har yau ban gama hucewa ba.

Wata rana ta kira Baba ta ce ya kai tunkiyarta kasuwar Kafin Hausa, ya saka wa akwatin kati. Ita ce kaɗai abin da ta mallaka, tunkiyar likkafani take ce mata.

Baba ya ce, "Inna, ke da ba kya gani, me za ki yi da shi?"

Ta ce, "Na san ba don ni suke zuwa ba, ɗan nan. Amma in sun zo ai suna gaishe ni."

Baba ya sunkuyar da kai. Ba zai iya jin ana cewa ya sayar da tunkiyar uwarsa don kallo ba, sai ya roƙe ta ta yi haƙuri a girbe noman rani. Ta ce to. Ba ta kai girbin ba, cikin sanyin nan Allah ya karɓi abarsa. Ranar zaman makoki ɗakin ya cika maƙil, har da waɗanda suka daɗe ba su tako ba, suna ta faɗin kirkinta. Na fita bayan ɗaki na yi kukana ni kaɗai.

Yanzu Umma ce a ɗakin, ƙafa ta ƙi ta. Ƙanena ya sa mata babbar talabijin, kati ba ya yankewa. Sai dai yau kowace mace a unguwar tana da kallonta a wayarta, ba ta neman izinin kowa, ba ta kuma buƙatar tsohuwar da za ta fake da ita. Da na je gida watan jiya na tarar da Umma tana kallo ita kaɗai, ta rage muryar ƙasa-ƙasa, da ƙyar ake ji. Na tambaye ta dalili. Ta ce kada wani ya yi sallama ba ta ji ba.