Kujerar da Illo Ya Hana Kowa

Duk mai bi ta tashar Isa ya san Illo, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri, kullum yana gindin darbejiyar da ke bayan masu shayi, yana goge wata tsohuwar mota ruwan toka da tsumma. Motar ba tasa ba ce. Ta wani kamfanin haya ce a Sakkwato, irin masu ba da mota da direbanta ga mai biki, ko mai marar lafiya, ko ma'aikatan da suka zo duba rijiyoyi.

Kamfanin yana da yadda yake bi da motocinsa. Sabuwa a birni take zama, tana ɗaukar manya. In ta fara tari, a tura ta Wurno ko Goronyo. In ta tsufa har ba a jin ciwon abin da ramuka za su yi mata, sai a ce a kai ta Isa. Daga Isa kuwa babu gaba sai 'yan gwangwan, masu farfasa mota su sayar da ƙarfe. Shi ma Illo haka ya biyo hanya. A birni ya fara tuƙi yana da ƙuruciya, aka yi ta matso da shi gabas, har shi da motar suka tarar da juna a garinsu.

Gidansa shiru ne. 'Yarsa Saudatu tana aure a Maraɗi, ɗansa ya tafi kudu nema, sai waya jefi-jefi. Matarsa Habi kuwa a motar nan ya kai ta asibiti tafiyarta ta ƙarshe, tana gidan gaba, ta jingina da wani ƙaramin matashin fata. Matashin bai sake shiga gida ba. Bayan la'asar Illo yakan zauna a sitiyari ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa, wani lokaci ya juya hagu da dama kamar mai jiran a tanka masa.

Wata safiya Hafizullahi, manajan kamfanin, ya kira shi.

"Baba Illo, waɗanda sunka ƙera motarka sun yi shela. Akwai wata jakar iska ɓoye gaban kujerar fasinja, wadda ke kumbura in an yi karo. Sun ce irin taka in ta daɗe cikin zafi takan fashe da ƙarfi, ta watsa ma mutum ƙarfe ga fuska. Ka kawo ta."

"To. In na kawo ta, za ta dawo?"

Hafizullahi ya ce, "Masu sauran ƙarfi mun tura su Kaduna a canza musu jakar. Wagga taka, Baba, kai ma ka san shekarunta."

"Za ni kawo ta," in ji Illo. Bai faɗi rana ba.

Ya kwana biyu yana juya maganar, sai ya ga ai ya samo dabara. Tunda kujera ɗaya ce ke da cuta, a bar ta babu kowa mana. Ya ɗora jarkar ruwa a kai, ya kulle ƙofar ta ciki. Mai haya ya zo, ya nuna masa baya. Abu mai shayi ya samu abin tsokana.

"Baba, wai amarya kake ajiye ma wurin nan? Ka faɗa muna mu fara ɗinki!"

Illo ya yi murmushi, ya ci gaba da gugarsa. In Hafizullahi ya kira, ya ce ana ruwa, hanya ta lalace, sai ta ɗan bushe.

Ana haka wani magidanci mai suna Abbas ya zo daga Tsamaye. Mahaifinsa, limamin garinsu, ƙafa ta kumbura, za a kai shi Sakkwato. Illo ya bi shi har ƙofar gida. Maza suka fito da tsoho a kan hannu, suka nufi gidan gaba kai tsaye, domin a nan ba a sa babba baya alhali gaba na nan fili. Abbas ya ja ƙofa, ya ji ta gam.

"Baba, buɗe muna."

"A sa Malam baya."

"Baya? Mutumin da gari ke salla bayansa, shi za ka sa bayan jarka?"

Mutane suka fara gunaguni. Wani ya ce direbobin birni ba su da ta ido, wani ya ce ai wannan ɗan Isa ne, abin ya fi muni. Illo ya tsaya riƙe da makulli, kunya ta rufe shi. Ba mai yawan magana ba ne, amma ya ga babu wurin ɓuya. Ya durƙusa gaban liman ya faɗi duk abin da aka gaya masa a waya, har da cewa tun tuni aka ce ya mayar da motar.

Liman ya saurara har ƙarshe, yana cije leɓe don ciwo. Sannan ya ce, "Ku sa ni baya, na ma fi samun miƙe ƙafa." Da aka kwantar da shi, ya kira Illo kusa da taga. "Malam Illo, yau ka hana ni, Allah shi saka ma da alheri. To ran da zazzaɓi ya kayar da kai, wani ya karɓi makulli, wa za ya hana?"

Illo ya shiga ya rufe ƙofa. Ya ja mota a hankali, yana kauce wa kowane rami, Abbas ya takure a gefen ƙafafun mahaifinsa. Ya sauke su a asibiti, ya taya su shiga ciki. Da ya fito bai juya hanyar gida ba.

A harabar kamfanin akwai motoci jere can ƙuryar katanga, tayoyinsu sun sace, kaji na kiwo ƙarƙashinsu. Ya faka tasa a ƙarshen layi, ya daidaita ta sosai. Ya sauke jarkar, ya wanke gilashi da sauran ruwan, ya ɗauki matashin Habi. Hafizullahi ya karɓi makulli da hannu biyu, ya ce in wata ta tsufa za a tuna da shi.

A tasha, ɗan kamasho ya dubi furfurarsa ya ce, "Baba, zo ga gidan gaba." Illo ya shiga ya zauna, matashi bisa cinya. Direban yaro ne mai gaggawa. Duk ramin da suka tunkara, ƙafar Illo sai ta danna ƙasa neman birki, har suka iso Isa.