Kalmar da Baba ya soke da jan biro

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, kuma bana ne na fara jin tsoron abin da ya bar mini.

Aikinsa fassara a wata ma'aikata a nan Kaduna. Idan ya dawo gida Unguwar Rimi, sai ya zauna da littattafansa yana ƙirƙirar harshe nasa na kansa. Abokansa sun sha gaya masa cewa kowane harshen ɗan Adam yana da hanyar cewa a'a, don haka nasa ma dole ya samu. Baba ya ce sam. A ganinsa duk rigimar duniya daga ƙi take farawa, shi kuwa harshen zaman lafiya yake ginawa.

Ni da ƙanena Nura ya koya wa. To, yara ne mu, ina za mu iya wasa babu gardama? Cikin mako guda muka ƙago tamu kalmar a'a, "tembe", muka rubuta a gefen littafinsa. Ya soke ta da jan biro. Ya ce, "Uwata, kin ɓata mini aiki." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, Hausa ta tafi, Turanci ya tafi, harshen littafin nan kaɗai ya rage a bakinsa. Wata safiya a asibiti ma'aikatan jinya suna juya shi ta gefen da ke masa ciwo, yana ta maimaita abu ɗaya, su kuma sun ɗauka sambatu ne. Na shigo na ji. Tembe, tembe. Wallahi nan take na tsayar da su.

Yau ina ganin matasa a waya suna ƙirƙirar harsuna don fina-finai, suna musun ko dole ne su bi tsarin harsunan mutane. Da yana raye, na san zai shiga musun da ƙarfinsa. Wane ɓangare zai tsaya bayan safiyar nan, ban sani ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan. Watan jiya a kasuwar Kawo na tsaya gaban mai albasa, sunan albasar ya ɓace mini ƙaf, kalmar Baba ce ta fito. Ya sake faruwa sau biyu. Likita ya ce hawan jinina irin na Baba ne. Nura ya manta harshen tuntuni, 'ya'yana kuwa ban taɓa koya musu ba, kunya nake ji. Baba ya samu mai jin sa a bakin gado. Ni wa zan samu?

Littattafan suna nan, amma abin da ya yi masa amfani a ciki layi ɗaya ne, wanda ya soke. Jiya na zaunar da 'yata Hadiza na nuna mata wurin.

Ta yi dariya ta ce, "Umma, me zan yi da wannan?"

Na ce, "Ki haddace. Ranar da kika ji na faɗa, ki ce su dakata."