Farar laimar da ke bayan gidanmu a Lanham

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Isuhu, amma abin da ya kashe shi yana nan da ransa a bayan gidanmu na Lanham, ƙarƙashin wata babbar bishiya.

Yayana ne, ciki ɗaya. A Saminaka muka tashi, inda da damina mukan bi shuri muna tsinko naman kaza, tsiron nan mai kamar laima, Inna ta zuba mana a miya. Yaya ya fi kowa gane mai kyau: fari, mai kauri, marar wari. Bai yi wata biyu da zuwa Amurka ba aka sheƙa ruwa, ya leƙa bayan gidanmu ya ga irinsa reras a cikin ciyawa. Ya ɗebo ya soya ya ci, ni ina wurin aiki. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa farin nan ƙasar dafi ne.

Ya wuni yana amai da gudawa. Abin da har yau yake tayar mini da tsikar jiki shi ne washegari. Ya tashi garau, ya yi wanka, ya kira gida, har yana tsokanata: "Kai dai Amurka ta mai da kai matsoraci. Asibitin me?" Daga baya likita ta ce haka dafin yake, yakan yi lamo yana cin hanta. Ba a yi mako ba muka binne shi.

'Yarsa Hadiza yanzu ilimin irin waɗannan tsirrai take karantawa a jami'a. Da yana raye da ya sha dariya, wai sai an je makaranta za a san abin miya. Ita ta gaya mini cewa laimar da muke gani 'ya'ya ne kawai, uwar tana ƙarƙashin ƙasa, zare-zare, manne da saiwar bishiyar. Ta ce, "Baffa, wanda Baba ya ci, shi ne dai yake sake fitowa."

Gadon da ya bar mini ke nan, bayan addu'a: duk sa'ad da aka yi ruwa, nakan je in tuge su kafin wani baƙo daga gida ya gani. Unguwar kuwa ba ta rabo da sababbin zuwa.

Shekaranjiya na makara. Gindin kawai na tarar, an yanke kawunan tas da wuƙa, yadda mutanenmu ke yi. Yau na bi gidaje ina sallama ina tambaya, ba wanda ya amsa cewa shi ne. Kowa ya fito lafiyarsa ƙalau, kuma lafiyar tasu ce take ba ni tsoro.