Irin Geronmu da Na'urar Jirgin Ruwa

Shekarar da fari ya sake dawowa, na baro aikin jirgin ruwa na zo ƙauyenmu, gabas da Minjibir, wai in huta. Zama ya gagare ni. Da hantsi ina bakin rijiya, kafin azahar na zagaye gonaki, ina ta kallon gabas kamar kowa. Rumbunanmu babu komai. Abin da ya rage shi ne irin gero, a tukunyar da Inna ta liƙe bakinta da laka ta tura ƙarƙashin gado. In ya tafi, ba mu da na shuka.

A jirgi aikina tsaron rada ne, na'urar da ke harba sigina a kan ruwa ta saurari abin da ya dawo. Duk abin da siginar ta buga sai ya fito ɗigon haske a kan gilashi, wani hannu kamar na agogo yana zagayawa yana sabunta hoton. In teku ta kwanta lumui, siginar zamewa take yi ta wuce, gilashi ya yi baƙi. Amma kusa da gaɓa, inda ruwa ba zurfi, igiyoyin ruwa na tashi suna karyewa, kowace ta maido da nata kason. Sai gilashi ya cika da ɗige-ɗige, musamman ta inda iska ke tahowa. Turawan Ingila suna kiran wannan tarkace, Faransawa su ce amsa-kuwwar teku. Ni dai tsaba na gani an watsa wa kaji. A cikin tsabar nan kuwa akwai kwalekwalen masunta, na gaɓar Kamaru ko Gana, da mutane a ciki. Ka rage ƙarfin na'urar, tarkacen ya ɓace, kwalekwalen ma ya ɓace.

Na ba da labarin nan a ƙofar masallaci, har na ce ruwan sama ma yana fitowa a gilashin tun yana nesa. Shi ke nan, gari ya ɗauka ni ma na iya hango ruwa.

Ran nan hadari ya haɗo, aka yi ruwa ɗan daidai. Washegari yayana, wanda gandun gidan ke hannunsa, ya tona ƙasa ya ga lema ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ya zo ya same ni.

"To, Malam na teku, mu shuka ko mu jira?"

"Yaya, na'urar tana Legas, ni ina nan."

"Idon ai naka ne. Ko shi ma a jirgi ka baro shi?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ka ci kifin duniya, ka iya yaren kowa, amma hadarin garinku ya gagare ka!"

Gonakinmu a manne suke da na maƙwabta, iyakar kawai jerin gamba. Ta kowane gefe muna jin saran sungumi, kowa ya fita shuka. Ni kaina ƙafata ƙaiƙayi take yi.

Na faɗa masa abin da na sani. "A jirgi ba ma yarda da zagaye ɗaya. Ɗigon igiya yana nan, kafin hannu ya dawo ya koma can. Na kwalekwale yana inda yake. Sai ka jira ka ga wanda ya tsaya."

"Wato in zauna jiran ruwa na biyu, mutane suna shuka, a ce gidanmu ragwaye?"

Inna ta leƙo daga ɗaki. "Ku daina yi mini ihu a kan tukunya." Ta jawo tukunyar, ta fasa lakar da kanta, ta auna masa rabi a ƙwarya, ta kwaɓa sabuwar laka ta mayar da murfi. "Wannan naka. Wannan kuma na ɗan teku, sai abin nasa ya sake zagayowa."

Yaya ya shuka gonar nesa, na bi shi ina rufe ramuka da diddige. Gero ya tsiro shar. Sai sama ta washe, iska mai zafi ta taso, muna kallo ya ƙone.

Da ruwa ya dawo ya zauna, muka shuka rabin da Inna ta ajiye a bayan gida. Zangarniyar gajera ce, ba ta cika rumbu ba, amma tukunya ta sake cika.

Yaya ya shiga gari yana cewa na'urar ƙanensa ce ta gani. Na gaji da cewa ba ta ga komai ba. Ranar da wani dattijo ya zo da ƙwaryar irinsa yana tambayata damina mai zuwa, na haɗa jakata na nufi tasha.