Fuskar da na warware

Shekara huɗu na yi a Ainu Shams, wata unguwa a ƙasar Larabawa, a hawa na biyar, maigidana yana karatun fiƙihu ni kuma ina tara 'yan tsana. Ba na roba ba, tsofaffi na tsumma, waɗanda aka ɗinka da hannu aka cusa musu auduga ko guntayen yadi. Lokacin ban haihu ba, matan ɗalibai kuwa ba su gaji da yi wa abin fassara ba. Su ta shafa. Ni ɗinkin nake so, yadda za ka gane hannun da ya yi sauri da wanda ya zauna ya natsu.

Maigidana bai so ba. Ya ce ba zai kwana ɗaki ɗaya da siffa mai ido da baki ba. Muka yi ta ja har muka daidaita: duk wadda za ta shigo gidan, sai na warware mata fuska. Na sayi reza na ajiye don wannan aikin kawai. Har na saba, ina yi ina sauraron tukunya.

A shekarar 2014 suka fi yawa a wurina. Mutanen Arba wa Nus, unguwar 'yan gudun hijira, suna ta kama hanyar teku don ƙetarawa, masu jirgin kuma ba sa yarda da kaya. Akwai wata Bahaushiyar Sudan mai zuwa yi mini lalle, tana da 'ya mai shekara huɗu, yarinya mai surutun tsiya. Ana saura kwana biyu su tafi ta kawo mini 'yar tsanar yarinyar a leda.

"Yaya, ki riƙe mana. In mun sauka lafiya, khalas, shi ke nan, taki ce."

Na yi mata addu'a, na ba ta dabino. Tana sauka daga bene na ɗauko reza. Ban ma tsaya na kalli fuskar ba. Na tuna dai baƙin zare ne, da wani ɗan ja a goshi da ya ba ni wahala, har na yi tsaki. Na share zaren na zuba a shara, na jera ta cikin 'yan uwanta a kan kabad.

Ba su sauka ba. Babu wanda ya kira, babu gawa. Wata takwas bayan nan aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi, na buɗe na ga tsohuwa cikin farin lulluɓi tana haki, ta hau benen nan biyar da ƙafa mai ciwo. Mahaifiyar mai lallen ce. Na ba ta ruwa, ba ta sha ba.

"'Yata, an ce 'yar tsanar jikata tana wurinki. Ba karɓa na zo yi ba, gani kawai zan yi."

Ta ce duk hotunansu suna cikin waya, wayar kuma ta tafi da su. Ta ce uwar ce ta zaunar da yarinyar a gabanta ta ɗinka fuskar tana kallonta: ido ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta, da tabon da ta samu a goshi ranar da ta faɗo daga gado. Ta ce kamannin yarinyar sun fara ɓace mata, ko ta rufe ido ba ta ganinta sosai, abin da ke hana ta cin abinci ke nan.

Na tsani kaina a wannan lokacin, kuma har yau ban gama ba. Na so in ce ta ɓata. Amma tsohuwar ta riga ta hango kabad, 'yan tsana sun fi talatin a jere, babu mai fuska ko ɗaya. Da rigar ta gane ta, wani shuɗin yadi daga tsohon zanen 'yarta.

Na miƙa mata. Ta kai ta bakin taga, ta daɗe tana shafa ramukan allura da babban yatsa, ta bi inda ido yake, ta hau goshi ta tsaya.

"Iya, ki yafe mini," na ce. "Ina da zare, yanzu zan mayar."

Ta juyo ta dube ni, babu faɗa a muryarta.

"Ma'alish, ba komai, 'yata. Ke kin riƙe fuskarta?"

Yarinyar ta zo gidana ya fi sau goma. Na tsaya da allura a hannu ina nema, abin da na samu surutunta kawai.