Baƙon da ya iya ba da labarin kansa

A gidanmu na Maska, idan an gama girbi sanyi ya fara shigowa, tsakar gida ta Iya ce bayan sallar magariba. Iya kakata ce ta wajen uba. Takan sa mu kwaso kara da totuwar masara mu hura wuta, ta tura dankali cikin toka, ta miƙe ƙafa. Mace ce da ba ta saurin yarda da mutane. Ko mai tallan gishiri ne ya yi sallama, sai ta ji ɗan gidan wane ne kafin ta taɓa kayansa. Tatsuniyoyinta ma haka suke, da wuya ka ji wadda za ka kwanta hankalinka kwance.

"Matso nan, maigidana," haka take ce mini cikin wasan kaka da jika. "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

Mu ce, "Ta shigo, Iya, muna ji."

Wai an yi wani gari da mahara suka dame shi, har magidanta suka daina zuba hatsi a rumbu. Kowa ya nemi maɓoyar da ko maƙwabcinsa bai sani ba. Ana nan sai ga wani baƙo, daga shi sai gora da sanda. Bai roƙi kowa ba, ƙwadago ya kama. Da yamma sai ya zauna a gindin durumi ya ba da labarin yininsa, kuma ba na jarumta ba. Yau bunsuru ya kore shi ya faɗa kwata, gobe yaji ya shaƙe shi ya yi ta atishawa a gaban mai unguwa. Iya takan kwaikwayi atishawar har mu kwanta don dariya. Ta ce komai ƙanƙantar abu sai ya faɗa, har launin zanen mai fura, kuma kullum sai ya rage saura ya ce sai gobe. Kafin wata ya ƙare, babu mai cin tuwo sai ya ji baƙo.

Ran nan ya zauna jugum. Da aka matsa masa, sai ya ce ya tuna dawarsa ce da ya binne ƙarƙashin murhu a garinsu, gara ta cinye tas. Wani dattijo ya ce, "Amma kai da wauta kake. Ni tawa tana cikin busasshiyar rijiyar bayan gari, ko ƙwaya ba ta taɓu ba." Wani ya ce ai kogon kuka ya fi. Haka kowa ya yi ta koya wa baƙo dabara.

A nan Iya takan tsaya ta juya dankali. "Kun gani? Da tsare su ya yi da tambaya, da ba wanda zai buɗe baki. Amma sun ga wawa, kowa yana so ya gyara masa."

Bayan 'yan kwanaki aka nemi baƙo aka rasa. Mahara suka zo, ba su ko kalli rumbuna ba, suka miƙe rijiya, suka miƙe kuka. Hatsin wata tsohuwa kurma kaɗai ya tsira, don ita ba ta zuwa gindin durumi.

Na ce, "Iya, shi ya faɗa musu?"

"Ni ban ce ba. Na ce ya tafi, na ce sun zo. Ta ƙare nan, kowa ya ɗauki dankalinsa."

Yanzu ina koyarwa a Funtua, ina kuma taɓa noma a gida. Bara wani ya turo mini shafin wani mutum a intanet, wanda ya ce shi manomi ne a wajen Dayi. Ba ya sa hotonsa. Kullum sai ya rubuta abin da ya same shi: babur ya mace masa a tsakiyar kwalbati, 'yarsa ta jefa takalmi cikin tukunyar miya, taki ya ƙare saura kunya biyu. Masu wa'azi da masu hotunan biki wuce su nake yi, amma shi kafin karin kumallo nake duba shi. Ba ya yabon kansa, yana ganin ƙananan abubuwa, kuma yakan bar ka kana son jin na gobe. Ji nake kamar tare muka tashi.

Bayan girbi ya rubuta cewa ɓeraye sun yi masa ɓarna a waken soya, ga shi yana tsoron hanya, bai san ranar da zai fito da sauran ba. Jama'a suka taso da shawara. Wannan ya faɗi inda yake ajiye nasa, wancan ya faɗi ranar da yake lodi da hanyar da yake bi. Ni ma na fara rubuta yadda ƙanena Sani yake fito da namu daga Maska, har na ambaci hanyar. Sai yatsana ya tsaya. A yankinmu an sha tare mutum a hanya saboda wani ya faɗa wa wani ranar fitowarsa. Na goge.

Na tambayi Malam Yohanna, abokin aikina ɗan Malumfashi, ko ya san mutumin.

Ya ce, "Malam, ni ma ina karanta shi. Na bincika a Dayi. Wasu sun ce ɗan wani mai faci ne, wasu sun ce ba su taɓa jin sa ba."

Mai yiwuwa ina ɗaukar alhakin mai shafin ne. Mai yiwuwa bawan Allah ne da ya iya magana kawai. Abin da na gane shi ne, wanda ya iya faɗin tuntuɓensa shi ake zama a saurara, kuma shi ne yake sa ka ji nauyin yin shiru da naka. Ko mai gaskiya ne ko maƙaryaci, daɗin labarin ɗaya ne, daga nesa ba ka iya bambancewa.

Har yau ina karanta shi. Kwanan baya ya rubuta cewa zazzaɓi ya kwantar da 'yar tasa, na yini da abin a raina. Na rubuta masa, "Allah ya ba ta lafiya." A ranar ni ma tawa tana kwance. Ban faɗa masa ba.